Ƙa'idar Warren Dombek

Duk Lahadi Warren Dombek yakan sa a tura keken marasa lafiya da yake zama a kai zuwa bakin tagar gidan tsofaffi, yana jiran 'yarsa Noreen. Tun lokacin kaka rabonta da zuwa.

Kafin shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, duk birnin Toledo an san ajinsa da ke saman shagon wanki, inda yake shirya matasa wa jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Shi kansa ko ƙofar makarantar bai taka ba, amma in yana magana sai ka rantse alƙalai ne ke riƙe masa jaka. Gwanintarsa tambaya ɗaya ce: a ba ka hujja da hukunci, ka zaɓi ƙa'idar da ta haɗa su.

"Ba ruwanku da ko ƙa'idar gaskiya ce," haka yake ce wa ɗalibai. "Ta kai ka hukuncin ko ba ta kai ba? Mai tausayi ya tafi aikin jinya."

Da abin ya tsaya a aji, da sauƙi. Sai ya kwaso shi zuwa gida. Babu lalacin da zai yi bai ɗinka masa ƙa'ida ba. Lokacin da mahaifinsa ya fara mantuwa aka kai shi wannan gidan tsofaffin, Warren bai zuwa duba shi, sai ƙanwarsa Lorraine ta tare shi a teburin cin abinci, Noreen na gefe tana shan miyar kabeji.

"Yaya, ko kunya ba ka ji? Tafiyar minti nawa ce?"

"Wanda ba zai tuna ka zo ba, rashin zuwanka bai cuce shi ba. Nuna min inda ta karye."

"Allah ya shirye ka," in ji Lorraine. Shi ko ya ci gaba da tauna, har da murmushin wanda ya ci shari'a.

Noreen ce ɗalibarsa mafi kaifi. Ta ci jarrabawar, ta zama lauya, ofishinta yana ƙetaren kogi kawai.

Wannan Lahadin waya ta bugo. Mai jinya ta kara masa a kunne.

"Noreen, ina ta duban hanya. Uba ne fa." Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Baba, na yi magana da likitanka. Ya ce yawanci zuwa gobe ba ka tuna wanda ya zo."

"Amma yanzu ai na sani."

"Kaka ma yakan sani a lokacin. Anti Lorraine ta faɗa maka, ka ce tambayar ba ta nan take ba. Ta kai ko ba ta kai ba, Baba?"

Tsoro ya kama shi. Ya juya ƙa'idar ta kowane gefe yana neman ɓaraka, kamar yadda ya koya wa ɗaruruwan yara. Ɗinkin nasa ne, kuma ya iya aiki.

"Ta kai," ya ce.

Mai jinya ta karɓe wayar, ta tambaye shi ko a mayar da shi ɗaki. Ya ce a bar shi a tagar.