Kawu Lawali Gabon da Itatuwan Banga

Duk wanda ya san Kawu Lawali, yayan mahaifiyata, ya san shi da baƙar lema. Ko a tsakiyar bazara, da an idar da la'asar sai ya fito ƙofar gidansa a Ƙaura Namoda ya buɗe ta, ya ɗaga kai ya harari sama. In ka ce, "Kawu, ai ko alamar hadari babu," sai ya ce, "Shi ya sa nike hushi."

Shekara goma sha tara ya yi a Gabon yana aiki a wani kamfanin katako a bakin kogi, daidai inda ya ce layin da ya raba duniya biyu ya ratsa. Can, in ji shi, ruwa ya fi wata takwas yana zuba. Ka ajiye takalmi kwana biyu ka tarar ya yi fumfuna, gishiri ya narke a kwano. Daga ranar da ya dawo har ya koma ga Allah bai yafe wa sararin Zamfara ba.

Wani azumi da ya faɗo cikin zafi, muna zaune bakin masallaci muna jiran faɗuwar rana, ya fara.

"Can rana tana da alkawari. Ƙarfe shida ta hito, ƙarfe shida ta tahi, shekara duk. Wagga taku sai ta tsaya gaisawa da mutane."

Liman ya gaji, ya ce, "To Lawali, mi ya maido ka?"

Kawu ya ce, "Tuwon dawa, Malam. Shekara sha tara ina cin rogo. Ko akuya ce da ta yi yaji."

Sai kuma zancen ayaba. Ya dasa tushe arba'in a gonarsa ta Banga, kan jigawa, inda gero ma sai da lallashi yake yi. Ni ke kabu-kabu, don haka ni na zama jakin ɗaukar jarkoki, sawu uku kullum. Talatin da tara suka bushe. Ɗayar ta haifi 'ya'ya huɗu, kowanne kamar ɗan yatsa. Ya tara maƙwabta, ya yayyanka da aska, ya bi kowa da ɗan guntu.

"Ku ɗanɗana," ya ce. "Ba ayabar ce ta gaza ba. Ƙasarku ce ba ta da tarbiyya."

Mun yi dariya, kuma har yau in an taru ana yi. Amma ni dariyar ta fara fita raina, domin akwai abin da mu mutanen garin ba mu son a ambata.

A bakin gonar nan akwai kirya bakwai da tsamiya biyu, tun na kakanni. Masu gawayi suka zo da injin yanka, da izinin Mande, babban ɗansa, wanda bai shawarce shi ba. Kawu ya shimfiɗa buzu a gindin babbar kiryar ya zauna. Kwana huɗu, can ake kai masa fura. Mai injin ya ce, "Baba, ice ne fa kawai."

"Kai za ka gaya mini ice?" in ji Kawu. "Na sare wanda mutum shida ba su iya rungumewa. Da hannuna. Daji ne da rana ba ta taɓa ƙasa, ko tsakar rana duhu-duhu. Shekara biyu bayan mun share shi na koma, ruwa ya wanke ƙasar, sai jan laka da kwazazzabo. Can ke nan, inda ruwa ke bin mutum har ɗaki. Ku da kuke roƙonsa da kuka, mi kunka dogara da shi? Fara ta ƙafata."

Mai injin ya tattara kayansa. Mutanen gari kuwa suka samu sabon abin nishaɗi: wai rogo ya taɓa wa tsoho ƙwaƙwalwa.

Kawu ya rasu da kaka. Ko sadakar arba'in ba a yi ba aka ji kukan inji a Banga. Waɗanda suka fi kowa hawaye a maƙabarta, su ne suka tsaya suna nuna inda za a fara. Tara ɗin nan duka, cikin kwana biyu. Bana na bi ta wurin, iska ta kwashe ƙasar saman gonar, Mande na tsaye cikin rairayi yana ƙorafin damina ta yi gardama. Ban gaishe shi ba.

Ni ma kada in wanke kaina. Buhu shida na gawayin nan a bayan babur ɗina suka isa Kasuwar Daji. Na san daga inda suka fito, na ɗaure su da kyau, na tuƙa.

Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya yafe masa dazukan da ya sare, ya sanyaya makwancinsa. Mu kuma da muka ji maganarsa muka yi dariya, Allah ya shirye mu.