Baba Istifanus Mai Agogo Biyu

Shekarar da na fara shiga talabijin ita ce shekarar da Larai, 'yata ta biyu, ta yi haihuwar fari, ba mu daɗe da tasowa daga Keffi muka kama ɗaki a Nyanya ba. Lokacin titin shiga gari bai kai rabin faɗinsa na yanzu ba, wayar hannu kuwa sai a hannun manya. Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Ku da kuka yi aiki da Baba Istifanus, in na ƙara gishiri ku tsayar da ni.

Mutumin nan agogo biyu yake ɗaurawa, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na dama na uwar tasha ne, na hagu namu. Ga wanda bai san harkar ba, tasharmu ƙarama ce, kuma maraicen rabawa ake yi. Daga faɗuwar rana zuwa wajen isha'i namu ne: labaran unguwanni, sanarwa, wa'azi, filin manoma. Daga nan sai a haɗa mu da uwar tasha ta ƙasa baki ɗaya, abin da suke kira netwok, kowane gari ya kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sai sun gama su sako mu. Baba Istifanus shi ne mai hannu a kan maɓallin da ke yanke mu ya haɗa su. In lokaci ya yi sai ya miƙe tsaye, ya ɓalla maɓallan kwat ɗinsa kamar mai shiga gaban alƙali, ya ce, "Ku karɓi naku," sannan ya danna.

Da na saba da shi na leƙa agogunan, na ga ashe duk biyun abu ɗaya suke nunawa. Na tambaye shi amfanin wahalar. Ya ce gonarsa da ta ƙanensa a can ƙauyensu na Filato ruwan sama ɗaya ke dukansu, amma bai taɓa girbe ta ƙanen ba. 

Ni tatsuniya ce ta kai ni wurin. Wata ma'aikaciyarsu, Asabe, ta ji ni ina yi wa yara a gidan suna, ta ce wannan bakin bai kamata ya tsaya a tsakar gida ba. Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya: sai bayan duhu ya shiga, kuma a bakina kai tsaye, ba a ɗauke ni a kaset da rana ba. Kakata ta gaya mini mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, ya rasa hanyar gidansu, kuma ban taɓa gwadawa in ga ko ƙarya take ba. Suka ba ni fili na ƙarshe a rabonmu, daf da iyaka. Ina gamawa sai uwar tasha. Tun ranar na san zaman bakin rafi nake yi, duk ranar da ruwan ya ƙaru ni zai fara ci.

Daren farko na shimfiɗa tabarmata gaban kyamara, na ɗauko labarin akuyar da ruwa ya kora ta fake a gidan kura ita da 'ya'yanta. Na kai daidai inda kura ta tura ƙofa ta rufe. Ashe a nan Baba ya miƙe ya danna. Ni ban sani ba. Na ci gaba da zuba, ina kukan akuya, ina gurnanin kura, har na rufe labarina yadda ake rufewa, duk ga kyamarar da ta riga ta mutu. Sule mai ɗaukar hoto kunya ta hana shi gaya mini.

Da safe na je ɗibar ruwa a bohol, matan layinmu suka yi mini ca. Wannan ta ce ɗanta ya ƙi barci, waccan ta ce tata har kuka ta yi, an bar akuya a ɗaki da kura sai ga wani mai taye yana karanta labaran majalisa. Ban ko karya ba na hau mota na nufi tashar. Na sami Baba yana goge agogon hagu da bakin riga. Na faɗa masa maganganu, ciki har da cewa ko mahauci yana barin dabba ta sha ruwa. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Iya, labarinki ya yi daɗi. Amma kin shiga gonar mutane."

Da yake ban san karatun agogo ba, sai ya ƙirƙiro mana dabara. Yana da wani jan hankici. In ya ɗaga shi ta bayan gilashi, ma'anarsa in kashe kura in rufe. Allah kaɗai ya san kurayen da na hallaka saboda hankicin nan. Wata ta faɗa rijiya ba dalili, wata ƙashi ya shaƙe ta tana tsakiyar magana. Yaran Karu har suna cewa kurayen Iya ba su da tsawon rai.

Kada ku ɗauka ni kaɗai yake yi wa haka. An taɓa gayyato matan zumunta na cocinsu su yi waƙa, matarsa Mama Rifkatu ce ke ba da baiti a gaba, sun ɗinka anko, sun zo da tulu da kacau-kacau. Mai wa'azin da ya riga su ya ja lokaci, sai aka fara waƙar a makare. Mama ta buɗe baki za ta ɗaga murya a baiti na biyu, mijinta na aure ya miƙe ya ɓalla maɓallan kwat, ya danna. Duk wanda ke ɗakin sai da ya sunkuyar da kai.  Kashegari Mama ta tuƙa masa tuwon acca da miyar da ya fi so, ya yi loma uku, ta zo ta ɗauke kwanon ta ce lokacin uwar tasha ya yi. Da bakinsa ya ba mu labarin, kuma abin da ya ba ni mamaki, yabonta yake yi. Ya ce matar ta fahimci aiki.

To, mutum zai ce tsoron manya ne ke sa shi. Ba haka ba ne, don na ga ranar da ba wanda zai kama shi. Wani dare da damina, ya danna ya haɗa, sai hadari ya ɗauke hoton uwar tasha ɗungurungum. Babu labarai, babu komai. Ga ni zaune, bakina cike da ragowar labari. Asabe ta ce a mayar da Iya ta cike gurbin kafin su dawo, ni ma na gyara ɗaurin kallabi. Baba ya ce a'a. Ya ce don mai wuri bai zo ba, wurin bai zama namu ba. Ya sa hoton Dutsen Zuma da busar sarewa, ya tsaya ƙiƙam yana gadinsa har lokacinsu ya cika, sannan ya ce mana sannu da dawowa. Maƙwabciyata Maman Chinedu, wadda Hausarta ta kasuwa ce, ta ce mini da safe, "Iya, news na jiya ya yi kyau. Ba wanda ya mutu."

Ana nan sai ruwan da nake tsoro ya zo. Uwar tasha ta aiko cewa ta ƙara yankar wani ɓangare na maraice, za ta sa gasar kacici-kacici da kowane gari zai kalla. Rabonmu ya tsuke. Dole shiri ɗaya ya koma bayan la'asar. Labaran unguwanni ba sa motsi, sanarwa da wa'azi haka. Saura biyu: tatsuniyata da filin manoma. Manajanmu, yaro ne mai ladabi ba na ɗaukar alhakinsa, ya kira ni ofis ya ce tawa za a mayar, tunda yara suna gida da la'asar. Na ce da rana tsaka? Ya ce to a ɗauke ni a kaset da safe a riƙa sawa. Ya ma kama hannuna ya kai ni situdiyo, ya kashe fitilu, ya ce in duba, ɗakin nan ko taga babu, a cikinsa kullum dare ne. Na ce masa ranar tana waje tana jirana, kuma ni da ko ban yi laifin komai ba nake ɓata a titunan Abuja, ina ga na yi. Ya yi dariya, amma ya ce in ban yarda ba sai dai a rufe shirin, ba yadda zai yi.

Na fito na nufi Baba. Na ce masa abin a hannunsa yake, ya riƙa jinkirta dannawa kaɗan, wa zai sani? Ya dube ni kamar na ce ya yi sata a coci. Ya ce ko ƙiftawar ido ba zai ci musu ba. Nan na ce masa dama na san ba shi da zuciya sai agogo, na naɗe tabarmata na tafi gida. Daren nan ban iya cin tuwo ba. Ina da shekaruna, ban iya rubuta sunana ba, abu ɗaya na iya a duniya wanda ya sa ake nuna ni a tashar mota ana cewa ga Iya mai tatsuniya, shi ne za a karɓe.

Sai ku san mene ne filin manoma a wurin Baba Istifanus. Shi yake gabatar da shi da kansa, kuma nan ne kaɗai fuskarsa ke fita a talabijin, duk sauran aikinsa a bayan gilashi yake. Ranar shirin tun safe ake goge kwat. Yakan je har Kuje ya ɗauko doya ya rungumo ta kamar jariri, ya zauna yana bayanin taki da tsutsa da lokacin shuka. Manoma da Fulanin bakin gari sukan taru a rumfar mai shayi bayan magariba don su gan shi. In ya shiga kasuwar Kuje, sai an cika masa buhu.

Asabe ce ta zo har Nyanya ta gaya mini abin da ya faru. Baba ya shiga ofis ya ce a mayar da nasa la'asar, a bar wa Iya dare. Manaja ya tuna masa cewa da la'asar manoma suna gona, makiyaya suna daji, ba mai kallo, shirin mutuwa zai yi. Ya ce ya sani. Manaja ya ce to don me? Ya ce, "Doya ba ta tsoron rana. Tatsuniyarta tana tsoro."

Haka aka yi. Damina guda mutumin nan yana goge kwat, yana rungumo doya, yana yi wa kujeru bayani da la'asar, bai taɓa gajarta shirin ba ko ya yi shi da ƙyuya. Da kaka ta yi aka soke shirin gaba ɗaya. Fuskarsa ba ta sake fita ba har ya yi ritaya.

Na dafa dambun kaza na kai masa, ina ta juya yadda zan janye maganar da na faɗa. Bai bar ni na fara ba. Ya ce su ma a kan duwatsunsu kakarsa ba ta yarda a yi da rana, wai bai san dalili ba, kuma bai ga abin da zai sa a karya wa tsofaffi doka don kacici-kacici ba. Abu ɗaya ya roƙe ni: in na zauna, kafin in buɗe labari, in gaida mutanensa na rumfar mai shayi, don sun saba a yi musu magana a wannan lokacin. Daga ranar, kullum sai na ce ina gaida manoman Kuje da masu shanu, yaya ruwa, yaya ƙasa, sannan in juya wurin yara. Na yi haka har ƙafafuna suka daina hawa motar Nyanya, kuma ko sau ɗaya rana ba ta ga bakina yana tatsuniya ba.

Da Baba ya rasu na je cocinsu a Karu da mayafina, aka ba ni kujera a gaba. Ina zaune sai ga wasu Fulani uku sun tsaya a bakin ƙofa riƙe da sandunansu, ba wanda ya aika musu, a rumfar shayi suka ji.

Manajan ya riga shi tafiya, Maman Chinedu ma haka. Waɗanda suka rage daga wancan zamanin ba mu da yawa. Mama Rifkatu tana nan Karu wurin ɗanta, muryar ta dushe amma bakin yana nan. Asabe tana kiwon kaji a Kuje. Sule ido ɗaya ya tafi, da ɗayan yake gane ni. Sai ni. Allah, kai ka san abin da bawan nan naka ya bari saboda tsohuwar da ba danginsa ba, ba addininsa ba. Ka saka masa da abin da ya fi shi, ka ba shi hutu mai sanyi, ka rufa wa iyalinsa asiri. Amin.