Malam Istifanus da Ruwan da Kullum Yake Gyara

Da damunar nan Malam Istifanus ya cika shekara ashirin da bakwai da rasuwa. Har yanzu in na bi ta tashar motar Haɗeja da hantsi sai idona ya kai inda yake jingine kekensa a jikin wata dalbejiya, ko da yake an sare dalbejiyar, an kafa rumfar masu cajin waya a wurin.

Ga wanda bai san shi ba, mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, an turo shi koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan farkon shekarun tamanin. Ya zo da niyyar ya ɗan taɓa aiki ya koma gida, bai koma ba. Ni kuwa kakannina daga bakin Tafkin Cadi suka taso. Fataucin busasshen kifi da fatu ya kai ni ƙasashe, daga baya aikin tafinta ya kai ni wasu. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ina ce masa Ɗan Dutse, yana ce mini Babarbare mai baki bakwai.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne shinkafar fadama. Ana watsa irinta da ruwan sama na farko, ta tsiro ta yi ƙwari, sannan kogi ya cika a hankali su tashi tare. In kogi ya riga ta, ya shanye ta tana ƙarama. In ya makara, ta bushe a tsaye. Iyayenmu sun san lokacin zuwansa kamar yadda suka san lokacin salla. Da aka gina madatsun ruwa can sama wajen Kano, sai kogin ya bar al'adarsa. Ranar da aka buɗe masa ƙofa yake tasowa, manomin fadamar garin Baturiya kuwa ba ya sani sai ya wayi gari ya ga gonarsa ta zama tafki. Yawancin ɗaliban Malam 'ya'yan waɗannan manoma ne, kuma duk shekarar da shinkafa ta nutse, kujerun ajinsa sai su ragu.

Wata la'asar muna cin gyaɗa a ƙofar gida ya ce mini, "Babarbare, ruwa da mota, wa ya fi sauri?"

Na ce, "Ɗan Dutse, kai da ka fara ganin kwalekwale da gemunka, me ya kai ka zancen ruwa?"

Ya ce, "Ruwa sai ya yi kwanaki daga Wudil kafin ya iso mu. Mota wuni ɗaya ta zo ta koma. To me zai hana labarinsa ya riga shi?"

Na yi masa dariya irin ta wanda ya ga duniya. Na ba shi labarin Holan, inda na ga ma'aunin ruwa a kafe a kowace gada da ofis mai kula da shi. Na ba shi na Gezira a Sudan, inda ma'aikaci ke zagayawa yana faɗa wa manoma ranar ruwansu. Na ce wannan aikin hukuma ne, mu jira. Ya ce, "Kai ka ga ƙasashe, ni tasha na gani. Bari in fara da abin da na gani."

Sai ya shiga bin direbobi. Wanda ya fi ba shi haɗin kai shi ne Sale, mai a-kori-kura da ke jigilar kaya tsakanin Kano da Haɗeja. Roƙon Malam ɗaya ne: in ka tsaya a Wudil ko Ringim, ka tambayi mutanen bakin kogi yadda ruwa yake. Sale ya riƙe alkawari. Duk dawowa sai ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, na tambaya. Sun ce ya yi gyara." Malam ya aika wa ƙauyuka cewa lafiya lau. A damunar wannan shekarar sai ruwa ya sauko da ƙarfi, ya kwashe shukar ƙauyuka da dama a yankin Kirikasamma.

Ina wurin ranar da Malam ya tare Sale a tasha, ransa a ɓace. Sale ya ce, "Wallahi Malam ban yi maka ƙarya ba. Har wani na samu a Ringim, ruwa ya cinye masa rumbu, yana tsaye a ciki iya gwiwa. Na ce, yaya ruwa? Ya ce ya yi gyara."

Malam ya zauna a kan benci ya dafe kai. Shekarunsa a cikinmu, yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma bai lura ba cewa tambayar da ya aika gaisuwa ce. Bahaushe ba ya kushe ruwa. Ko gidansa ya tafi da shi, amsar ɗaya ce. Na gaya masa ba mu kaɗai ba ne: Bafillace ya ce jam tan, Babarbare ya ce kalewa, Balarabe ya yi hamdala, kowa da bargon da yake rufa wa wahalarsa. A Holan ne kawai na taɓa tambayar mutum lafiya ya tsaya ya lissafa mini ciwonsa, har na rasa inda zan sa kaina.

Na ɗauka zai ce mutanenmu su daina wannan amsa. Bai ce ba. Ya ce, "Ai ba ƙarya suke yi ba, addu'a suke yi. A bar musu addu'arsu." Abin da ya sake ita ce tambayar. A gaisa tukuna, a karɓi gyaran, sannan a ce: ina ruwa ya tsaya yau? Ya taɓa saiwar tsamiya? Ya rufe dutsen da mata ke wanki? Mutum ba zai kushe rahama ba, amma zai nuna maka inda ta kai. Daga nan labari ya fara amfani. Direba ya kawo tasha, masu kifi su ɗauka ranar kasuwa, ya bi ta Kirikasamma har Birniwa. Wani ya ɗaga jinga, wani ya jinkirta shuka, Fulani su haura tudu da shanu. Ba kowace shekara aka tsira ba, amma kujerun ajinsa sun daina raguwa kamar da. Haka ya yi ta yi har ciwo ya kwantar da shi a ƙarshen shekarun casa'in.

Kwanan baya aka gayyace ni wani taro a Dutse kan ci gaban yankuna mai ɗorewa da tattalin arziki na ilimi da bayanai. An yi maganar turakun sadarwa da koya wa matasa kwamfuta, kuma duk gaskiya ne, muna bukata. Ina zaune ina tunanin me Malam zai ce da yana raye. Na san wayar salula za ta burge shi, zai riƙe ta kamar sabon jariri. Amma na san zai tambaya, wanda ke can ɗaya ƙarshen, ƙafarsa na cikin ruwan ko daga ɗaki yake magana? Don yanzu saƙon murya kan zaga gari cewa an saki ruwa, mutane su yanke shinkafa ɗanya, ruwa bai zo ba. Zai kuma ga kachalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ya ce wa ke kai labarinta sama? Shi a wurinsa labari hanya biyu yake bi. Yankin da sai dai a aiko masa, shi ba a jin ta bakinsa, bai ci gaba ba, an dai tuna da shi ne.

Bara da kaka na je ta'aziyya wani ƙauye kusa da Baturiya. Na tarar da wani magidanci yana shanyar shinkafa, gonakin da ke ƙasa da shi duk ruwa ya hau. Na ce ya aka yi ya tsira? Ya ce, "Baba, akwai wani mai wankin mota a Ringim, ban taɓa ganinsa ba. In na kira mun gaisa, sai in ce ina ya tsaya. Ranar da ya ce ya rufe matakalar gada, washegari muka shiga da lauje." Na ce wa ya koya masa tambayar haka? Ya ce, "Ai haka ake tambaya."

Ban gyara masa ba. A hanyar dawowa labarin yana ta cina a baki. Na gaya wa iyalina, suka ce Allah ya kyauta. Na gaya wa abokan zama a masallaci, suka ce madalla. Mutum ɗaya na sani da zai ajiye gyaɗar hannunsa ya ce, tsaya Babarbare, sake faro mini daga farko, kuma shi ne ba zan samu in gaya wa ba.