Abokin Akushin Baltazar

A ƙauyenmu na bakin teku, kudu da Lisbon, kowa ya san tsoho Baltazar da rowa. Ba ya cin abinci da kowa. Ko hannu ka miƙa wajen akushinsa sai ya janye, kamar an fama masa gyambo. Mutane suka yi ta yi da shi har ya mutu. Haushinsu nake ji, don ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Yana saurayi ya shiga soja a jirgin yaƙi mai zuwa Indiya. Kyaftin ɗinsu, Mendu, ba ya zagi, kuma busasshen burodin da sojoji ke ci shi yake ci. Amma yana da wata doka tasa shi kaɗai. Ya kasa mutanensa biyu-biyu, akushi ɗaya. In mutum ya yi laifi, abokin akushinsa ake hukuntawa, mai laifin kuma shi zai riƙe bulalar. Cewa yake soja bai ɗauki bayansa a bakin komai ba, amma na abokinsa yana masa ciwo. Dokar kuwa ta ci, ba a taɓa ganin jirgi mai ladabi irin nasa ba.

Abokin Baltazar shi ne Duwarte, ɗan masunta, sarkin barkwanci.

"Kai jakin ƙauye, ka bi a hankali," haka yake ce masa kullum. "Bayan nan nawa, guda ɗaya uwata ta haifa mini."

Ana nan sai iska ta ɗauke a tsakiyar teku, jirgi ya tsaya cik, don iska ce ke tura shi. Ruwan sha ya yi ƙasa, aka yi shela: hukuncin satar ruwa shi ne a ajiye mutum a tsibiri. Zazzaɓi ya kwantar da Duwarte, leɓɓansa suka tsattsage, ya koma kiran uwarsa. Da rana tsaka, zafi ya kwantar da kowa, Baltazar ya lallaɓa ya cika gora daga gangar ruwa. Ya ɗauka ransa ne ya sa a caca. Tausayi ya mantar da shi a kan wa hukuncin zai faɗa. Aka kama shi tun kafin gorar ta kai bakin Duwarte.

Ya zube gaban kyaftin. "Ranka ya daɗe, ni na sata. Don girman Allah ni za a ajiye!"

"Na sani, ɗana," in ji Mendu, ba tare da ɗaga murya ba. "In na ajiye ka, gobe kowa zai sayi ruwa da ransa. Rai ya yi arha a jirgin nan."

Da iska ta dawo suka hango wani tsibiri, dutse zalla sai tsuntsaye. Baltazar ne ya tuƙa kwale-kwalen, shi ya goya Duwarte ya kwantar da shi a inuwar dutse. Kyaftin ya yarda a bar masa gorar. Duwarte ya kurɓa, ya yi ƙoƙarin dariya.

"Jakin ƙauye, ai na ce ka bi a hankali." Ya miƙo gorar. "Ungo, sha rabonka. Akushinmu ɗaya."

Baltazar ya ƙi. Duwarte ya rantse ba zai ƙara kurɓa ba sai ya sha. Baltazar ya sha yana kuka, ya koma jirgi.

Aka ba shi sabon abokin akushi, bai ko tambayi sunansa ba. Ya dawo gida bai yi aure ba, bai yi aboki ba. Kullum yakan raba abincinsa biyu, ya ci rabi, ya tura sauran gefe.