Turken da na matsar taku arba'in

Shekarun baya, lokacin da aka hana hawan babur a Diffa kuma mutanen ƙetaren kogi suka cika mana unguwanni, ina da gona a bakin gari, tsakanin gidajenmu da kogin Komadugu. Samanta fili ne mai tauri inda nake shanya tattasai, ƙasanta kuma ta gangara wajen ruwa. A can ƙasan na ba wani abokina wuri. Mun san juna tun muna samari a kasuwar tattasai, shi yana kawowa daga garinsu na Najeriya, ni ina saye. Da ƴan bindiga suka shiga garinsu ya tsallako da matarsa da ƴaƴa shida. Ya zauna Gagamari, aka tashe su, ya koma bakin titi cikin bukkar leda, daga nan ya zo wurina. Shekara biyu yana buga tubali da hannunsa, yau ashirin gobe talatin, har ya tada ɗaki uku da zaure. Ranar da ya rufa na ƙarshe ya kira ni muka sha shayi a ciki, yana ta shafa bango kamar mai shafa doki.

Wata safiya farar mota ta tsaya a filin shanyata. Mutum huɗu suka fito da wani abu mai ƙafa uku da doguwar sanda mai lambobi. Shugabarsu mace ce, injiniya, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba. Kafin in ƙaraso sun kafa turken ƙarfe a tsakiyar filin, sun zuba masa ɗan siminti, sun shafa wa kansa jan fenti da lamba.

Na yi sallama na ce, "Ɗiyata, lafiya? Wa ya sayar muku da nan?"

Ta yi dariya ta gaishe ni har ƙasa. Ta ce, "Baba, ba iyaka ba ce. Tsayi muke awo. Za a yi muku shingen ƙasa saboda ruwan kogi."

Ta buɗe na'urarta a kan mota ta nuna mini hoton garinmu daga sama, duk an rina shi, wani wuri ja, wani rawaya, wani shuɗi. Ta ce tauraron ɗan'adam ne yake auna tudu da kwari, su kuma suna kafa turaka a ƙasa don su tabbatar da awon. Rabi Hausa, rabi Faransanci. Ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi, abin da ya rage mini na Faransanci bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Amma ga dattijo da farin gemu a gaban yara, sai na dinga gyaɗa kai ina cewa "wi, wi", wato na gane. Abu ɗaya na tambaya: ina gonata? Ta ɗora yatsa. Filin shanyata ja ne jawur.

A raina na ce tsayin me za a auna a Diffa? Ƙasar da in ka tsaya a kan jaki kana hango gari na gaba. Kuma a wancan lokacin kullum ana maganar ana karɓar filaye don kafa sansani. Da yamma na ba wa ƙanen mahaifina labari, tsoho ne da ya yi shari'ar gona sau uku a rayuwarsa. Ya ce, "Turke da jan fenti da lamba? Kai yaro ne? Haka aka yi wa gonar kakanka. Yau turke, gobe takarda, jibi kai ne baƙo." Ina da shekara sittin da wani abu yake ce mini yaro, kuma na ji maganar ta zauna.

Matata ta ce, "Malam, tunda yarinyar tana jin Hausa, ka koma ka sake tambayarta mana."

Na ce mata ai na gane komai.

Kwana uku bayan nan, da rana tsaka, lokacin da zafi ya kore kowa cikin inuwa, na ɗauki diga na haƙe turken da dunƙulen simintinsa. Ban jefar ba, don ina tsoron hukuma. Na ƙirga taku arba'in zuwa wajen kogi, har na fita daga gonata, na binne shi a gefen hanyar shanu. Na daidaita shi tsaye sak, na zuba ruwa, na daddaɓe ƙasa. Na koma gida ina jin kaina wayayye. In ma iyaka ce, to ta fita daga nawa. In ma tsayin ne, ai ƙasar duk ɗaya ce a ido.

Watanni suka wuce. Aka kai wani hari kusa da kogi, aka hana farar mota zuwa bakin ruwa, masu awon ba su sake dawowa ba. Aikin shinge aka raba wa magina na gari, kowa da yankinsa da takardarsa. Namu yankin aka ba wani magini da muke sallah masallaci ɗaya. Takardarsa ta ce ya nemi turke mai lamba kaza, daga jan kansa ya ƙara kaza, nan ne saman shinge. Ya zo ya sami turke a gefen hanyar shanu, ya ɗaura igiya, ya jawo tiyonsa mai ruwa da magina suke daidaita gini da shi, aka fara aiki. Duk unguwa ta fito. Abokina ya fi kowa ɗaukar buhun ƙasa, don gidansa ne na farko bayan shingen. Ni kuma ina zaune ina dafa musu shayi, ina kallon igiya ɗaure a turken, wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta buga ba.

Muka gama kafin kowa, har ƙasa ta rage. Da aka zo haɗa namu da na yankin gaba, sai aka ga nasu ya ɗara namu. Maginin namu ya ce, "Ku bar wancan, bai iya karatun takarda ba. Katangar gidan sarki yake ginawa." Muka yi ta dariya, ni har da tafi.

Waɗanda ba ƴan nan ba ba su san halin Komadugu ba. Ruwansa ba ya zuwa da damina. Sai ruwan sama ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, sama ta yi fes, sannan ya taho daga can nesa yana hawa a hankali kamar nono a wuta. A shekarar ya hau fiye da yadda muka saba. Kullum da safe muna zuwa dubawa. Wata ranar Talata da hantsi, ina tsaye, na ga ruwa ya leƙo saman shingenmu. Ba fashewa ya yi ba. Ƙetarowa ya yi, siriri, tsawon yankinmu gaba ɗaya, kamar ruwa a bakin faranti. Na kalli hagu, shingen maƙwabta yana tsaye da sauran kusan kamu ɗaya. Na kalli dama, haka. Namu kaɗai.

Aka yi ta ihu ana jibga buhuna, amma wuri mai tsawo haka ba ya toshuwa. Kafin azahar ruwa ya kai gwiwa a gidan abokina. Aka fitar da yara da tabarmi da tukwane. Ginin ƙasa kuwa ba ya faɗuwa da ƙara, jiƙa yake daga gindi ya zauna. Muna tsaye a filin shanyata, inda ruwa bai taɓa ba, muka ga ɗakin farko ya durƙusa, na biyu ya bi shi, zaure ya rage shi kaɗai har la'asar sannan ya kwanta. Gidaje da dama sun tafi ranar, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Abokina bai yi kuka ba. Ya ce, "Inna lillahi," ya zauna a kan buhun tattasaina yana kallon tafin hannunsa.

Ku yarda da ni, har lokacin ban haɗa abin da turken ba. Ni ma ina cikin masu cewa magini ya ci amana. Aka ce ya rage ƙasa, aka ce ya yi gaggawa. Matasa suka je ƙofar gidansa, da ƙyar bulama, mai unguwarmu, ya kore su. Mutumin ya daina zuwa masallaci.

Bayan kamar kwana goma ruwa ya ɗan ja, aka ba masu awo izini, injiniyar ta dawo da rakiyar sojoji. Bulama ya tara mu a bakin shingen, aka kawo maginin, fuskarsa duk ta faɗa. Yana ta rantsuwa yana nuna takarda. Ta auna daga kan turke zuwa saman shinge, ta ce, "Aikinsa daidai ne. Ko yatsa bai rage ba." Ta buɗe na'urarta, ta ce bisa hoton nan ruwan bana bai isa ya haye ba. Ta ce wataƙila kuskuren nata ne. Sai ta sa aka kafa mai ƙafa ukun, ta auna kan turken kansa. Ta sake. Ta sake na uku. Ta kalli na'ura, ta kalli ƙasa, ta waiga wajen filina.

Ta ce, "Bulama, turken nan ya yi ƙasa da kusan tsawon gwiwa. Kuma ba nan na kafa shi ba. Turke ba ya tafiya."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ji sanyi tun daga tafin ƙafa, ga rana tana dukan kai. Na ji bakina yana cewa, "Ɗiyata, to in an matsar da shi, amma an kafa shi tsaye daidai, me zai canza?"

Ta ce, "Baba, komai daga kansa ake aunawa. In ka tsaya a tudu ka ce a yi gini daidai kafaɗarka, sannan ka sauka kwari ka ce daidai kafaɗarka, ginin ɗaya ne?"

Da ta faɗa mini haka ranar farko da na gane. Ko kuwa ta faɗa, ni ne ina "wi, wi". Jan da na gani a hoton, ashe tudu yake nufi, wurin da ruwa ba ya kaiwa. Yarinyar albishir ta yi mini, ni na ɗauka ƙwace ne.

Ba wanda ya gan ni ranar da na haƙa. Da na yi shiru da har yau ana zagin wani. Na kalli maginin, na kalli abokina da ke tsaye da rigar da aka ba shi a makarantar da aka sauke su. Na cire hulata na ce, "Ni ne."

Bulama ya ce, "Kai ne me?"

Na ce, "Ni na matsar. Na ɗauka iyaka ce."

Wani ya yi salati da ƙarfi. Wata tsohuwa da ɗakinta ya tafi ta ce, "Da gemun naka? Da gemun naka, Malam?" Maginin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska yana kuka kamar ƙaramin yaro. Abokina kaɗai ya matso kusa da ni, a hankali ya ce, "Taku nawa?"

Na ce, "Arba'in."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kana ganina ina ɗaukar buhu."

Na ce, "Ina ganinka."

Ya juya ya tafi.

An kai maganar meri, ofishin magajin gari, an yi mini faɗa irin wanda ban sha ba tun ina lakwal, amma ba a ɗaure ni ba, aka ce jahilci ne ba mugunta ba. Ban san wanne ya fi ciwo a kunnen dattijo ba. Na bi gida gida na roƙi gafara, wasu suka yafe, wasu suka rufe ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Maginin na tsaya bayan sallar Juma'a na wanke shi a gaban jama'a. Aka maida turken wurinsa, aka ƙara shingen. Matata ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, sai dai duk wanda ya zo da takarda ko na'ura yanzu, ita take fitowa ta ce, "Ku maimaita masa sau biyu, in ya ce wi bai gane ba."

Na daɗe ina tunanin abin. Ba rashin karatu ne ya kashe ni ba, don bulamanmu ko harafi bai sani ba amma yana tsare mutum da tambaya har sai ya fahimta. Kunyar in ce wa yarinya "ban gane ba" ita ce, da kuma yadda na yarda da idona. Shekara sittin ina taka ƙasar nan ina cewa shimfiɗaɗɗiya ce, ashe tsakanin taku arba'in akwai gangaren da ya isa ya cinye gidan mutum. Har yau in na ga jan fenti a jikin ƙarfe gabana faɗuwa yake.

Abokina ya yafe mini tun a makon. Da bakinsa ya faɗa, ya kama hannuna. Na ce ya zo ya yi gini a saman filin, ni da ƴaƴana za mu buga masa tubali, ba zai taɓa laka ba. Ya ce zai yi shawara. Bayan wata ɗaya ya kwashe iyalinsa ya koma Yebi wurin dangin matarsa.

Bara na je duba shi. Na same shi a bukkar zana da leda, ga maƙwabtansa duk sun tada ɗakunan ƙasa. Ya yanka mini kaza, muka yi hirar tattasai har yamma. Da zan tafi na sake ɗauko maganar, na ce filin yana nan, tubalin ma na buga ɗari biyar suna jiransa.

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka. Ni na gama gini. Wannan in ruwa ya zo, naɗe ta nake yi in ɗora a ka."