Kantin Ƙarƙashin Gado

A ɗakin kwanan ɗalibai da ke hawa na biyu, kusa da famfon da ba ya kawo ruwa sai da safe, akwai wani gado da aka ɗaga ƙafafunsa da bulo. Mai gadon yana karatun zanen gine-gine, yana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma abokan ɗakinsa sun daɗe da daina kiran sunansa. Mai Kanti suke ce masa. Duk wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadon zai ga dalili: buhun shinkafa, jarkar mai, katan na sabulu, gwangwanayen madara, da sukari a bokiti mai murfi. Shi dai a wurinsa wannan tanadi ne.

Kwamfuta yake nema. Malaman sashensu ba sa karɓar aikin kammalawa da aka zana da hannu, wanda bai miƙa ba kuwa sai ya maimaita shekara. Mai gyaran kwamfuta da ke bakin ƙofar makaranta yana da wata tsohuwa mai tsagewa a gefe, ya kuma yi alkawarin ajiye masa ita zuwa tsakiyar zango.

Ba yau ya fara tara mata kuɗi ba. A shekarar farko, in yayarsa ma'aikaciyar jinya ta turo masa na wata, yakan ware wani abu ya cusa a safa a ƙasan akwati. Safar ba ta taɓa ganin ƙarshen wata da nauyinta ba. Daga baya yayar ta ce ya bar shirme ya zuba a banki. Ya zuba, ya daina shiga mota, ya koma takawa har takalminsa ya buɗe baki. Amma duk sanda ya je wurin mai gyara, sai ya tarar farashi ya riga shi yin gaba, banki kuma yana ɗan yankar nasa a kai a kai.

Da hutu ya kai kukansa shagon mahaifinsa, wanda kafinta ne. Tsohon bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba.

"Kai da yayarka boko ya cika muku kai. Ka taɓa ganin na ajiye kuɗi? Dubi can." Ya nuna katakan da ke jingine da bango har rufi. "Ran da na samu, katako nake saye. Yana nan yana bushewa, yana ƙara daraja, ni ina barcina."

Maganar ta shige shi. Ɗakin ɗalibai ba shi da wurin jingine katako, don haka da ya koma ya kwashe abin da ke banki ya sayi kayan da ya ga kullum tsadarsu ƙaruwa take yi. Shirinsa shi ne ya sayar da su a tsakiyar zango ya ɗauki kwamfuta. Farashinsu kuwa ya tashi, kamar yadda Baba ya faɗa. Nan ne kawai lissafin ya yi daidai.

Abokan ɗakinsa biyu ne: Lauya, ɗalibin shari'a wanda bakinsa ba ya hutawa, da Sarkin Barci, wanda ba ya tashi sai ya ji ƙamshin girki. Da wata ya yi nisa aljihu ya bushe, Lauya ya tsaya a bakin gadon da kofi a hannu.

"Mai Kanti, ranka ya daɗe, kofi ɗaya. Ruwa har ya tafasa."

"Wannan fa ajiya ce, Lauya."

"To mu ma ai ajiyewa za mu yi. Wurin ajiyar ne kawai ya bambanta."

Sarkin Barci ya leƙo daga cikin bargo. "A haɗa da mai, don Allah. Kar a yi abu rabi da rabi."

Ya ba su. Da kuɗi ne a safa, da ya ce babu, magana ta ƙare. Amma buhu ba ya ɓuya, kuma bai san yadda ake kallon mai jin yunwa a ce masa shinkafar nan kwamfuta ce ba. Daga ɗakinsu labari ya kai ɗakin da ke kallonsu, daga can ya sauka ƙasa. Ba wanda ya taɓa ɗiba a ɓoye. Kowane kofi da bakinsa ya ce a ɗiba, shi ma kuma yana cikin masu ci.

Da tsakiyar zango ta zo, ya yi hayar baro ya tura abin da ya rage zuwa wani shago a kasuwar bayan makaranta. Mai shagon ya zura hannu a buhu, ya ɗebo, ya watsa a tafinsa. Ƙwari suka bazu.

"Ɗan makaranta, buhu buɗaɗɗe, ga baƙi a ciki. Sukarin nan ya zama dutse. Madarar kuma ka duba kwanan watan da ke gindinta? Sabulun dai zan ɗauka da daraja, shi ba a dafa shi."

Abin da ya samu bai kai rabin kuɗin kwamfuta ba. Ya je duk da haka, ko za a karɓi wannan a jira saura. Mai gyara ya nuna masa gurbin da kwamfutar take zama a kan kantar shagon.

"Na jira ka, wallahi. Wata ta zo da kuɗinta cif, me zan ce mata?"

Ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado, ƙafafunsa na lilo saboda bulon. Ya bi maganar Yaya bai kai ba, ya bi ta Baba bai kai ba, kuma ya kasa gane inda ya kauce. Lauya ya dube shi, ya dubi ƙarƙashin gadon da ya zama wayam. Sai ya buɗe akwatinsa ya ciro tasa kwamfutar ya ɗora masa a cinya.

"Daga safe zuwa yamma ina aji, ita tana nan tana taya Sarkin Barci aiki. Ka yi zanenka. Kar ka gode min, shinkafarka ce ta dawo."

Kwamfutar ba ta da ƙarfi, takan tsaya cak in zane ya yi nauyi, sai ya kashe ya kunna. A haka ya gama, ya miƙa aikin ana gab da rufe karɓa.

Da ya kira gida ya ba da labari, Baba ya yi dariya har da tari.

"Ni na ce maka katako! Ka taɓa ganin maƙwabci ya zo aron katako zai dafa?"

"To Baba, asara na yi ke nan ko riba?"

"Ka miƙa aikin?"

"Na miƙa."

"Kana da kwamfuta?"

"Ba ni da ita."

Ana jin ƙarar zarto a bayan tsohon. "To wannan kam sai ka tambayi yayarka," ya ce.

Yayar kuwa ta turo na wata a ranar. Har yanzu bulon yana ƙarƙashin gadon, Mai Kanti bai cire ba, bai kuma sayi komai ba.