Kunnen Malam Kalilu Bakanike

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Kalilu Ɗantsoho a garin Sandamu cikin shekarar 1958. Mahaifinsa Malam Abdulbaƙi manomi ne, sunan mahaifiyarsa Rahmatu. Ya sauke Alƙur'ani a 1972, ya taɓa firamare a Daura, amma bokon bai karɓe shi ba, domin hankalinsa kullum yana tashar mota.

Sana'a da Iyali

A 1976 ya tafi Kano koyon kanikanci, ya dawo Daura a 1984 ya buɗe garejinsa. A shekarar ya auri Haulatu, 'yar Zango, wadda takan ce da injin aka fara ɗaura masa aure.

Ya shahara wajen ɗaura wa tsofaffin motoci ƙaramin turbo, na'urar da ke tura iska cikin injin don ƙara masa ƙarfi. Ƙa'idarsa ita ce, idan iska ta ƙaru, a jinkirta wutar filogi kaɗan, a kuma ƙara mai. In ba haka ba injin zai riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, har fistin ya narke. Bai taɓa amfani da ma'auni ba. Sukudireba yake kafawa a jikin injin, ya ɗora kunne. Ko ɗansa Mansur da ya koyo auna mota da kwamfuta bai tsira daga zolayarsa ba.

Al'amarin 2023

Tun wajejen 2019 jinsa ya fara raguwa, ya kuwa ɓoye, saboda kunnen nan shi ne sunansa. Da fetur ya yi tsada a 2023, amininsa Alhaji Dabo, mai fataucin shanu, ya kawo motarsa mai turbo a rage mata shan mai. Malam Kalilu ya san haɗarin, amma ya amince da kunnensa: ya rage mai, ya matso da wuta gaba, ya saurara bai ji komai ba, ya miƙa makulli.

Bayan kwana tara, da tsakar rana, motar ta mutu a hanyar Katsina ɗauke da Hajiya Hadiyya, matar Dabo, ana gaggawar kai ta asibiti. Kafin a samo wata mota an shafe fiye da awa biyu, kuma ta cika a ƙofar asibitin. Da Mansur ya kwance injin, sai ga fistin ya huje.

Dabo cewa kawai ya yi kwananta ne ya ƙare. Wannan haƙurin ya fi zagi yi wa Malam Kalilu ciwo. Ya bar wa Mansur garejin, bai sake taɓa sifana ba, kuma kusan shekara biyu in ya hango Dabo sai ya sauya hanya.

Rasuwa

A watan Afrilu na 2025, yana kwance, ya sa aka kira Dabo.

"Alhaji, ka yafe mini. Ranar da na gyara motar nan, wallahi ba na ji."

Sai da Dabo ya sunkuya dab da kunnensa ya ɗaga murya. "Na sani, Malam. Sau uku na yi maka sallama ran nan ba ka waiwayo ba. Kunya ce ta hana ni in ce a kira Mansur. Ni ma ka yafe mini."

Mansur, wanda yake wurin, ya ce kuka kawai suka yi.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, yana da shekara sittin da bakwai. An yi jana'izarsa a Daura bayan sallar Azahar, kuma Alhaji Dabo ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya bar matarsa Haulatu da 'ya'ya huɗu: Mansur, Siddiƙa, Sabiru da Rauda. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Hajiya Hadiyya.